Ruwan Randar Baƙi

Ni dai karatun bokona aji uku ne. A aji na uku ni da hedimasta munka dubi juna, munka gane ba mu dace ba, kowa ya kama gabansa. Shi ya ci gaba da bulalarsa, ni na faɗa kasuwa. Sai da furfura ta fara leƙo mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ma don wata bazawara ce da ke zuwa ajin mata na kusa da namu. Ba ta aure ni ba, amma na fito da ɗan rubutun nan da kuke gani. Duk wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Sana'ata kabu-kabu. Na yi shekaru ina zirga-zirga tsakanin Illela da Konni, ta hanya da ta bayan hanya. Wanda ya tashi a bakin iyaka kuwa akwai abin da yake koya tun bai iya ɗaure wando ba: in ka ga mutum riƙe da takarda da biro yana tambaya, ba a ba shi amsar da ke cikin ciki. Kwastan ya ce buhu nawa, ka ce biyu. Duwan, wato kwastan na can ƙetare, ya ce ina za ka, ka ce ta'aziyya. Ni kaɗai na binne surukata a Konni ya fi sau goma, baiwar Allah tana nan da ranta tana cin goro. Ba mu taɓa kiran wannan ƙarya ba. Mun ɗauke shi kamar jawo ƙyaure in za a fita.

Da wannan tarbiyya na haɗu da Malama.

Cikin bazara ne, zafi ya kai inda kaza ke buɗe baki a inuwa. Ta sauko daga motar Sakkwato da jakar goyo da wata kula shuɗiya, irin wadda ake sa ƙanƙara. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ta uku ba, siririya, da tabarau. Shugaban 'yan kabu-kabu na tasharmu ya haɗa ta da ni, don na san kowane ƙauye da mai garinsa, kuma na tsufa, mijinta ba zai ɗaga hankali ba. Ni dai ban ji daɗin dalili na biyun ba, amma na haɗiye.

Na ce, “Malama, mi ag ga kular ga? In fura ce mu fara da bisimilla.”

Ta buɗe. Kwalabe ne farare a jere, kowace da murfinta a ɗaure da takarda manne a jikinta. Ta ce daga jami'a take, digiri na biyu take yi, shekararta biyu a kansa. Bincikenta a kan ruwan rijiyoyin ƙauyukanmu ne. Za ta ɗebi ruwan kowace rijiya ta kai ɗakin gwaje-gwaje a Sakkwato, a duba ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Abin da ta samu shi za ta rubuta a kundinta, ta tsaya gaban manyan malamai ta kare shi. Ta kuma yi wa masu kula da lafiya na yankinmu alkawarin za ta ba su sakamakon kafin damina, don maganin da ake zubawa a rijiya ba ya isa ko'ina, gara a fara da waɗanda sunka fi lalacewa.

Na ce, “Ashe ɗibar ruwa digiri gare ta? Matata ta shekara talatin tana wanga aiki, ko satifiket ba a ba ta ba.”

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Sannan ta ɗaga kwalba ɗaya ta ce, “Baba, kowace ɗaya a nan shaida ce. Ka san kotu. In shaida ɗaya ya yi ƙarya, alƙali ba ya ƙara sauraron sauran. Shekara biyuna duk a cikin kular nan suke.”

Na ce na san kotu, amma ta ƙofar baya.

Mun yi kusan mako uku muna yawo. Kowace safiya in ɗaure kular a bayan mashin, ita ta zauna tana riƙe da ita kamar jariri. Amarawa, Darna Sabon Gari, da ƙananan ƙauyukan da ke tsakani. Ko'ina sai mun fara gaida mai gari, ni in yi bayani in ce ɗiyata ce ta birni, a ba mu izini. A bakin rijiya aikinta iri ɗaya ne, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta sa safar hannu. Ta ce a jawo da gugan da mutanen ke sha da shi, ba wani sabo ba. Ba ta buɗe kwalba sai ruwan ya iso. Ba ta taɓa bakinta. Ta zuba ta bar ɗan sarari, ta rufe, ta rubuta lokaci, ta sa cikin ƙanƙara. Kafin la'asar dole kular ta kama hanyar Sakkwato, wai ƙwayoyin ma suna da lokacinsu. Ni ina gefe ina kwaikwayonta da butar alwala, mata na dariya.

Sau ɗaya ta yi mini faɗa. A Amarawa ta tambayi wani magidanci ko yaransa na yawan gudawa. Mutumin ya dubi biro, ya dube ni, ya ce lahiya lau. Ni kuma na ƙara masa gishiri, na ce gidan nan ko atishawa ba a yi. Muna barin wurin ta ce in tsaya. Ta sauka daga mashin.

“Baba, ni ba kwastan ba ce.”

“Yo ai na sani, ɗiyata. Su ba su gaisuwa.”

“Da gaske nake. Na ga tabarmar yaran a shanye. In ka ƙara amsa wa wani, zan nemi wani direban.”

Na ba ta haƙuri, na rantse da girman furfurata. Har cikin raina na ji kunya a ranar. Ina faɗin wannan don kada wani ya ce ban san abin da take nufi ba. Na sani sarai.

A mako na uku na lura tana sa ni tsayawa a hanya, ta zaga bayan geza ta dawo tana goge baki. Ni mai 'ya'ya takwas ba sai an yi mini fassara ba. Na rage gudu, na daina bi ta kan kunyoyin gona. Ranar ƙarshe na je ɗaukarta a gidan wata nas da ta sauka, na tarar da ita zaune a dakali, fuska ta faɗa. Nas ɗin ta tsaya a kanta ta ce ko da wasa ba za ta hau mashin ba yau, ta ga alamar da ba ta so, in ba a kiyaye ba cikin zai zube.

Rijiya ɗaya ta rage. Ita ce mafi nisa, can bayan Darna, hanya duk rairayi. Kuma ni na sa aka rubuta ta cikin jerin tun farko, don ƙauyen mahaifiyata ne, ina so a ce an je.

Malama ta daɗe tana kallon kwalbar a hannunta. Sannan ta ce, “Baba, faɗa mini yadda ake yi.”

Na karanto mata kamar yaro gaban allo. Safa, guga, murfi, sarari, lokaci, ƙanƙara. Ta sa na maimaita. Ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu, ta ƙara mini wata.

Ƙauyen nan ba shi da mai gari na kirki tun da tsohon ya rasu, kowa ya san wadda ke riƙe da shi ita ce Inna, ƙanwar mahaifiyata. Ita ta yaye ni. A lokacin ta haura saba'in da yawa, ga ƙaramin jiki, ga murya kamar ta mai shela. Ban fara zuwa gidanta ba, don na san hali. Na zarce rijiya.

Na sha ruwan rijiyar nan ina yaro, amma na daɗe ban tsaya na dube ta da idon baƙo ba. Bakinta ya zaizaye har ya zama daidai da ƙasa. Kwamin dabbobi na manne da ita, kewaye duk caɓi da kashin awaki, igiyar guga kwance a ciki. Na jawo. Ruwan ya fito kamar wanda anka wanke gero da shi, da wani ɗan baƙin abu yana yawo a sama. Na sa safa, na ciro kwalba. Sai na ji murya a bayana.

“Kai ja'iri! Ka shigo gari ba gaisuwa, ka sa safa awa mai yi wa gawa wanka. Mi kake yi?”

Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani. Wata malama ce daga birni take son ruwan, za a kai a duba.

Inna ta leƙa gugan, ta dube ni. “Wanga za ka kai mata?”

“Shi ta ce, Inna. Na rijiya take so.”

“Baƙuwa ta aiko neman ruwa garinmu, ka ɗauki wanga ka kai mata? A kai birni, a ɗaga sama, a ce ku zo ku ga abin da dangin uwar wane ke sha? Ashe goyon da na yi maka asara na yi.”

“Inna, ba sha za ta yi ba. Na'ura za a sa ma.”

“Ko jaki za a ba. In ya bar garin ga da sunanmu, ruwan baƙi za ya fita. Taho.”

A gidan Inna randa biyu ce. Babbar ta ruwan rijiya, ita kowa ke sha. Ƙaramar tana cikin ɗaki da faifai a bakinta, ita ce randar baƙi. Duk ranar kasuwa ake kawo mata jarka ɗaya daga famfon tuƙa-tuƙa na Darna a zuba ciki, kuma ko jikokinta ba su isa su sa moɗa ba. Haka kowane gida mai mutunci yake a wajenmu. Kai ka sha abin da ka samu, baƙo a ba shi abin da zai tafi yana yabo.

Zan iya cewa Inna ta fi ƙarfina, kuma mutane za su yarda, don ta fi ƙarfin kowa. Amma da na so, sai in karɓi nata in zubar a hanya, in koma rijiya in cika wata. Kwalba biyu Malama ta ba ni saboda tsautsayi. Gaskiyar ita ce ni ma kunyar ta kama ni. Na tuna yadda yarinyar nan ke kirana Baba, na ce yanzu ta ga abin da na girma da shi? Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muni. Wani ɗan shaiɗan da na daɗe ina kiwo ya raɗa mini: shekara nawa kana wuce masu kaki ba su kama ka ba, bari mu gani ko na'urar birni za ta iya.

Na sa safa. Ban buɗe kwalba ba sai da Inna ta ɗago moɗa. Ban taɓa bakinta ba. Na bar sarari, na rufe, na dubi agogo na rubuta lokaci, na sa cikin ƙanƙara. Ban taɓa yin wani aiki da tsabta haka ba a rayuwata. Inna ta sa mini albarka, ta ƙulla mini daddawa in kai wa baƙuwar.

Malama ta ɗaga kwalbar a rana ta ce, “Kai, garau!” Na ce ai mu danginmu haka muke, ciki da waje. Ta shiga mota ta tafi.

Bayan kamar mako biyu ta kira ni a waya. Ina tasha, muna cin gyaɗa da abokai. Ta ce sakamako ya fito, yawancin rijiyoyin ba daɗi, amma ta ƙauyenmu ta ba ta mamaki, ta fi kowace tsabta, kamar ruwan famfo.

“Baba, daga rijiyar ka ɗebo ko? Da gugansu?”

Abokaina sun kasa kunne. Na gyara murya na ce, “Haba Malama! Rijiyar ga kakana ya gina ta, mahaddaci ne, da alwala ya yi kowane sara. Ki rubuta a kundinki, albarka ce.”

Ta yi 'yar dariya, amma ba irin wadda na saba ji ba. Sannan ta ce, “To, shi ke nan, Baba. Na gode.” Na kashe waya, na ba abokai labari, munka yi dariya har wani ya ƙware da gyaɗa.

Kafin ruwan farko masu lafiya sunka zagaya da magani, sunka zuba a rijiyoyin da takardar Malama ta nuna. Na gan su sun wuce ta Darna. Ba su karya ta hanyar rairayi ba. Mi zai kai su? Takarda ta ce can lafiya lau. Na ce a raina gobe zan je in same su in yi musu wata dabara. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben har damina ta sauka sosai, ruwa ya wanko duk abin da ke kewayen rijiyar ya zuba ciki.

Amai da gudawa ya fara da wata jikar Inna, 'yar shekara huɗu. Kwana ɗaya ta yi, ta rasu. Kafin in ji labari mutum da yawa sun kwanta. Da na isa da hantsi na tarar Inna ma ta kama, ta ƙanƙance, idanu sun shige ciki. Ba ta iya zama a mashin. Sai da anka ɗaure ta a bayana da rawani, kamar yadda ta taɓa goya ni. A hanya tana ta cewa ƙishirwa, ƙishirwa. Na ji nauyinta ya sake tun kafin mu fita daga rairayi, amma ban tsaya ba. Na ci gaba da tuƙi ina yi mata hira har ƙofar asibiti, ina gaya mata mun kusa. Ban san wa nake yi wa ƙaryar ba a lokacin.

Har yau in na ɗauko fasinja ya jingina da bayana, sai in ce ya ɗan matsa. Suna zaton tsufa ne ya sa ni faɗa.

Masu lafiya sun zo bayan an yi asara, sun gwada rijiyar, sun ga abin da ke ciki. Ɗayansu ya ciro takardar Malama ya ce, to wannan fa? Maganar ta bi hanya har jami'a.

Addu'ar bakwai ta Inna ta wuce da kwana biyu sai ga ta a motar haya, ciki ya fito sosai, tana tafiya tana dafa ƙugu. Ta yi wa mata ta'aziyya, ta fito ta ce in raka ta rijiya. Ta tsaya a bakin caɓin, takalminta na nutsewa. Ta dubi kwamin, ta dubi igiyar, ta leƙa ciki. Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta tambaya, wataƙila da na sake yin wata ƙaryar, don bakina ya fi ni sauri. Shirun ne ya hana ni.

Sai da munka kusa mota ta ce, “Jibi kwamiti zai zauna a kaina. Suna cewa ban je ko'ina ba, ɗaki na zauna na ƙirƙiro lambobi. In sun tabbatar, korata za a yi, kuma ba wata jami'ar da za ta karɓe ni.” Ta buɗe ƙofa. “Allah ya jiƙan Inna, Baba. Daddawarta ta yi daɗi.”

Jibin na sa babbar rigata ta Sallah na shiga motar farko. Ban taɓa taka jami'a ba. Na yi ta tambaya ana nuna mini gini bayan gini, duk wanda na tsayar sai ya dubi rigar ya ɗauka bara na zo. Da ƙyar na samu ofishin. Malama tana zaune a benci a waje, rungume da kundinta. Da ta gan ni ta miƙe.

“Baba, mi ya kawo ka?”

“Na zo ba da shaida.”

“Baba, tsaya, ka bari in...”

Ban bari ba. Na ɗauka kunya take ji mini. Na tura ƙofa na yi sallama.

Mutum huɗu ne a bayan tebur. Na tsakiyar shi ne malamin da ke duba aikinta, dattijo mai farin gemu, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa mai kaki ba. Na faɗi komai. Rijiya, Inna, randar baƙi, wayar da ta yi mini, har dariyar tasha ban rage ba. Na ce yarinyar nan na gan ta da idona a bakin kowace rijiya, rana na dukanta, tana amai a bayan geza tana dawowa. In akwai wanda za a kora ni ne, sai dai ba a ɗauke ni ba balle a kore ni.

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya ce ya gode, ya sa aka ba ni kujera. Na zauna ina jin kamar na sauke buhu. Na ɗauka na gama ceto.

Ya buɗe kundin, ya juya shafuka, ya sa yatsa a wani wuri. Ya karanta da Turanci, sannan ya fassara don ni. An rubuta cewa mai binciken ita da kanta ta ɗebi ruwan kowace rijiya da hannunta.

Ya ɗago ya dube ta. “Ke kika rubuta wannan?”

“Ni na rubuta.”

“Lokacin da kika rubuta, kin san akwai wadda ba ki je ba?”

“Na sani.”

“Da sakamakon ya fito ya saɓa wa sauran, kin yi shakka?”

Ta ce, “Na yi. Na kira shi na tambaya. Ya ba ni amsar da nake so in ji, sai na karɓa.”

A nan na gane abin da take son gaya mini a benci. Na wanke ta daga laifin da ba ta yi ba, na kuma miƙa musu wanda ta yi, a faranti. Na yunƙura zan yi magana, na ce ranka ya daɗe, juna biyu gare ta, nas ce ta hana. Dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce ya yarda, kuma da ta zo ta faɗa masa a lokacin, da layi ɗaya za a ƙara a kundin, a cire rijiyar ko a sake ɗiba. Ya cire tabarau ya murza idanu. Ban ga fushi a fuskarsa ba. Gajiya na gani, irin ta wanda ya yi shuka ya ga fari.

Sun sa mun fita, sun daɗe, sun kira ta ita kaɗai. Da ta fito ta ce ba a kore ta ba. Amma an soke aikin duka. In tana so, ta sake daga rijiyar farko, bazara mai zuwa, da wani malami a tare da ita.

Mun taka har bakin titi. A nan na tsaya. Na ce, “Ɗiyata, ki yafe mini.”

Ta ce, “Na yafe, Baba. Nawa laifin ma ya ishe ni.” Ta gyara mayafi. “Amma da ka gaya mini ranar da na kira ka, kwalba ɗaya ce kawai. Da na roƙi nas ɗin nan ta je ta ɗebo. Ruwa bai sauka ba a lokacin.”

Ta tsayar mini da mai adaidaita, ta gaya masa tashar da zai kai ni, don kada in ɓata.

Mutane sun yi ta ba ni baki. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Wani ma'aikacin lafiya ya ce ko an zuba maganin ba lallai ya hana ba, rijiyar ta riga ta lalace, ruwan sama zai wanke shi. Mai yiwuwa gaskiya ne. Na riƙe maganarsa ina juyawa kamar carbi, wani lokaci ta yi mini aiki, wani lokaci ba ta yi. Abin da ban iya juyawa ba shi ne muryata a waya, yadda na gyara ta don abokai su ji daɗi.

Bazara ta zagayo, ba ta zo ba. Na ce jego ne. Wata bazarar ta sake zagayowa. Sai na yi ta maza na kira lambarta, da rana tsaka, na koma bayan tasha inda ba kowa. Ta ɗauka, ta gane ni tun ban faɗi ko wane ne ba. Ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ta ce namiji ta haifa, har yana gudu. Na ce to karatu fa, yaushe za mu fara, mashin na nan na sa masa sabuwar taya.

Ta ce lokacin da anka ba ta ya wuce. Tana koyarwa yanzu a wata makarantar 'yan mata, kimiyya take koya musu, kuma ba laifi. Ta faɗe shi a sake, kamar mai ba da labarin wata.

Sannan ta ce, “Baba, rijiyar fa? An rufe ta?”

Na buɗe baki, amsa mai daɗi ta riga ta hau harshena, a shirye. Na haɗiye ta. Na ce ba a rufe ba. An ɗaga bakinta da bulo biyu, an matsar da kwamin, ana zuba magani in an samu. Ita ake sha, ba wata.

Na ji yaron yana kuka a kusa da ita, tana jijjiga shi. Ta ce, “To a riƙa tafasawa, Baba. Ka gaya musu. Ko na yara kaɗai ne, a tafasa.”

Na ce zan gaya musu.